Mutumin Da Ya Tafi Kasuwa Da Tsohon Fistin

Akwai wani mutum a wani ƙauye can cikin kwari, yana da tsohuwar babbar mota guda ɗaya. Gadonta ya yi daga mahaifinsa, kuma tun zamanin mahaifin aka rubuta mata a goshi da jan fenti, "Da Sauran Tafiya". Fentin ya koɗe, katakon bayanta ya sha faci, ƙofar direba kuwa sai an ɗaure ta da igiya take rufuwa. Duk da haka motar nan ita ce ƙafar ƙauyen. Mutanen wurin manoman rani ne, tumatir suke yi a fadama, hanyar fita kuwa ɗaya ce tak, wani dogon hawa mai duwatsu wanda direbobin birni suka ce ko nawa za a biya su ba za su kai motarsu can ba. In tumatir ya nuna, ko dai motar mutumin nan ta hau da shi zuwa kasuwa, ko kuwa ya ruɓe a cikin kwanduna.

Ana nan sai motar ta fara tari. Tana shan baƙin mai kamar raƙumi ya samu rijiya, tana fitar da hayaƙi har mata suna kwashe shanya in sun ji ƙararta. Wata rana tana tsakiyar hawan nan, ba kaya ma a kanta, ta yi wani dogon nishi ta tsaya cak. Da shanu aka janyo ta gida. A lokacin tumatir ya yi fure, har ya fara ɗaura 'ya'ya.

Mutumin ya kira bakaniken ƙauyen, sunansa Sila. Sila ya sauke injin a gindin itacen mangwaro, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga gangar injin, ƙaton ƙarfen nan mai ramuka shida da kanikawa suke kira bulok. A cikin ramukan nan ne fistin yake hawa da sauka, shi ne kuma yake tura mota. Sila ya zura yatsa cikin rami, ya shafa, ya girgiza kai. Ya ce, "Baban Lidiya, kawo hannunka ka ji." Mutumin ya taɓa, sai ya ji bangon ramin duk ya yi kaushi, ya yi zane-zane.

Sila ya ce, "Injin nan bai mutu ba, amma ya ji rauni. Zan kai bulok birni wurin masu injin kankara. Za su kankare zanen nan su faɗaɗa ramukan har su yi sumul. In ya dawo sai mu sa sababbin fistin. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sayi komai sai bulok ya dawo. Shi zai gaya mana girman da za mu saya."

Mutumin ya ce, "Na ji, Sila, na ji." Amma ku da kuka san irin mutanen nan, kun san akwai "na ji" da take shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu ba ta ko zauna ta sha ruwa ba.

Mutumin nan ba mai kuɗi ba ne. Yana da shanun huɗa biyu, sai ya sayar da ɗaya domin gyaran. Abin da ya samu zai ishe shi sayen fistin sau ɗaya, ba zai kai sau biyu ba. Da kuɗin ya shiga aljihunsa, sai zama ya gagare shi. Ya je fadama ya ga tumatir yana girma, ya dawo ya zaga motar, ya sake komawa fadama. A can ya gamu da wata gwauruwa, Iya Damaris, wadda ba ta da komai a duniya sai 'yar gonar tumatir ɗinta. Ta ce masa, "Ɗana, motar za ta tashi kuwa?" Ya buga ƙirji ya ce, "Iya, kwandonki ne zai fara hawa!"

Kashegari da safe ya je gindin mangwaro, ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin fistin, ya naɗe shi a tsumma, ya jefa a aljihu. Kada ku yi masa dariya tukuna, domin abin da ya yi shi ne abin da kowa yake yi. A wurinmu in kana son sayen kayan gyara, tsohon kake ɗauka ka tafi da shi kasuwa ya zama samfur. Haka ake sayen noti, haka ake sayen bel, haka mahaifinsa ya koya masa. Matarsa ta gan shi yana ɗaura takalmi, ta ce, "Baban Lidiya, ba Sila ya ce ka jira ba?" Ya ce, "Maman Lidiya, tumatir ba ya jiran Sila. Ga samfur a aljihuna, wa zai cuce ni?"

Ya shiga birni, ya nufi kasuwar kayan gyaran mota, zuciyarsa fes kamar mai zuwa ɗauko amarya.

A shagon farko aka fito masa da fistin a cikin kwali mai sheƙi, irin na masu manyan motocin kamfani. Kaya ne masu kyau ƙwarai. Da aka faɗi kuɗin, mutumin ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kawo kasuwa. Sa ɗaya na sayar, ba garke ba." Ya wuce abinsa bai ji kunya ba.

A shago na biyu wani mai zaƙin baki ya tare shi tun daga bakin hanya. Ya zube masa wasu fistin masu ƙyalli, kuɗinsu kuwa kamar kyauta. Mutumin ya ɗauki ɗaya, ya zaro tsohon nasa, ya riƙe su hannu bibbiyu yana aunawa. Ya ji na shagon ba nauyi. Ya ƙwanƙwasa shi da makulli, sai ya ji amon gwangwani. Ya ajiye ya ce, "Wannan ya fi dacewa da shan koko." Ya wuce, mai shagon yana ta kiransa yana rage kuɗi.

Can ƙurya ya tarar da wani dattijo zaune a ƙaramin shago, ba ya kiran kowa. Dattijon ya fito masa da fistin shida, kowanne a naɗe cikin takardarsa, ba kwali mai sheƙi, ba ƙyalli, ƙarfe ne dai na gaskiya a kan kuɗin da talaka zai iya. Mutumin ya auna a hannu, ya ji nauyi daidai. Ya ƙwanƙwasa, ya ji amo mai kyau. Ya gwada kai da kai da tsohon, ya ga sun yi daidai kamar tagwaye. Sai murna ta kama shi har ya kasa ɓoyewa.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, kafin ka biya, an kankare bulok ɗin, ko yana nan yadda yake?"

Mutumin ya ce, "Baba, fistin ɗin nan da kake gani, a cikin injin nan ya tsufa. Tun ina yaro yake hawa da sauka a ciki. Wa ya fi shi sanin girman ramin?"

Dattijon ya ce, "To, kai ka san motarka. Amma ka riƙe wannan: muddin suna cikin takardarsu, zan canja maka. Wanda aka buɗe aka shafa wa mai kuwa ya zama naka, don ba wanda zai saye shi a matsayin sabo."

Mutumin ya biya, ya rungumi kayansa, ya kama hanyar gida yana waƙa.

Ku zo ku ga shigarsa ƙauye! Tun daga kan tudu yake ɗaga ƙunshin sama. Mutane suka taru a ƙofar gidansa, ya ba su labarin shagon masu tsada, ya ba su labarin mai zaƙin baki har da kwaikwayon muryarsa, aka yi ta dariya. Don daɗi ya cika, sai ya buɗe fistin ɗaya daga takardarsa, ya ɗiga masa baƙin mai, ya goge shi da hannun riga har ya ɗauki ido, ya miƙa aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Iya Damaris ma ta riƙe shi ta sa masa albarka. Gargaɗin dattijon nan kuwa ko tuna shi bai yi ba.

Bayan 'yan kwanaki Sila ya dawo da bulok. Ramukan sun yi sumul suna sheƙi, babu zane ko ɗaya. A fadama tumatir ya fara yin ja. Mutumin ya zo da ƙunshinsa a guje, jama'a na biye da shi, ya ajiye a gaban Sila ya ce, "Na hutar da kai! Ga su nan, sai ɗaurawa."

Sila ya kwance ƙunshin. Ya ɗauki fistin ɗin da aka shafa wa mai, ya zura shi cikin rami, ya riƙe shi da yatsu biyu ya girgiza. Sai kowa ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Fistin yana rawa a cikin ramin.

Mutumin ya ce, "Ba zai yiwu ba!" Ya zaro tsohon daga aljihu, ya gwada su kai da kai. "Duba, Sila! Daidai suke!"

Sila ya ce, "Daidai suke, Baban Lidiya. Ka saya daidai da tsohon fistin, kuma ka iya saye, kayan nan masu kyau ne. Amma ramin da tsohon ya sani ba shi ne wannan ba. An kankare shi, ya ƙara faɗi. Ka auna wa injin da babu shi yanzu."

Mutumin ya leƙa ramin, ya ga ratar da ake magana ba ta kai kaurin farce ba. Sai ya fara roƙo. Ya ce, "Haba Sila, a kan wannan 'yar ratar? Ɗaura su haka. Mu zuba mai mai kauri ya toshe. Ai za ta tashi."

Sila ya ce, "Za ta tashi kam. Za ta yi ƙara, mutane su yi tafi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ma za ta tafi. Amma ranar da ka ɗora mata tumatir ɗin garin nan ka kama hawan can, ƙarfin zai zurare ta ratar nan, ta tsaya maka a tsakiya da kayan mutane. Ni ba zan ɗaura ba."

Mutumin ya zauna a kan tayar motar. Kuɗin san da ya sayar ya tafi. Fistin biyar suna cikin takarda, amma na shida ya sha mai, da hannunsa ya shafa, a gaban kowa. Inji kuwa ba ya tafiya da biyar. Ya ɗaga kai ya hango Iya Damaris tana komawa gida a hankali, wannan ya fi komai yi masa zafi.

Matarsa ta matso ta ce, "Baban Lidiya, zama ba zai gyara ba. Koma wurin dattijon nan ka faɗa masa gaskiya."

Sila ya ce, "Bari in gaya maka girman da za ka ce a ba ka."

Sai mutumin ya miƙe zumbur ya ce, "A'a! Na gama da samfur, na gama da saƙon baki. Bulok ɗin da kansa zai je kasuwa!"

Aka yi ta ba shi baki, ana cewa ƙarfen nan ƙarti huɗu ma da ƙyar suke ɗaga shi. Ina! Mutumin da bai iya jira ba, bai iya yin abu rabi-rabi ba kuma. Ya ari amalanke, ya ɗaura wa san da ya rage masa, aka ɗora bulok, suka hau tudun nan yana turawa ta baya yana zufa. A bakin titi aka loda shi a akori-kura. A birni ya ɗauki mai kura ya tura shi har cikin kasuwa. 'Yan kasuwa suka fito daga shaguna suna kallo suna dariya, mai zaƙin bakin nan ma ya leƙo. Mutumin bai kula kowa ba sai da ya dire ƙarfen a ƙofar dattijon.

Dattijon ya tashi tsaye ya ce, "Ikon Allah! Na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa ganin wanda ya kawo mini bulok ɗungurungum ba."

Mutumin ya durƙusa ya ce, "Baba, ka tambaye ni, na ƙi ji. An kankare shi. Ga biyar a takardarsu. Ga na shida, na shafa masa mai don in burge mutane. Ba ni da abin da zan ƙara maka, kuma tumatir ya nuna."

Dattijon ya karɓi fistin ɗin mai mai, ya juya shi a hannu. Sa'an nan ya sunkuya ya auna ramukan bulok da kansa, ya shiga ciki, ya fito da wasu shida. Ya buɗe ɗaya ya zura a rami. Fistin ya sauka a hankali, sumul, aka girgiza shi bai ce ƙwas ba. Dattijon ya ce, "Waɗannan su ne naka. Kwashe duka shida."

Mutumin ya ce, "Baba, na shidan fa? Kai ka ce wanda ya sha mai..."

Dattijon ya ce, "Na faɗa, kuma gaskiya ne, ba zai sayu ba. Asarar tawa ce, na ɗauka. Amma akwai abin da za ka bar mini. Mene ne wannan da ya kumbura maka aljihu?"

Mutumin ya zaro tsumma ya warware. Tsohon fistin ne, har yanzu yana tare da shi. Ya ce, "Baba, wannan na mahaifina ne. Ya yi mana aiki shekara da shekaru."

Dattijon ya ce, "Ya yi, kuma ya gama. Muddin yana aljihunka, wata rana za ka sake auna wani abu da shi. Kawo."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya miƙa, dattijon ya jefa shi cikin tarin tsofaffin ƙarafa a bayan shago.

Sila ya ɗaura injin. Ranar da za a tayar da motar, babu wanda ya je gona. Mutumin ya hau, ya ɗaure ƙofa da igiyarta, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta yi na biyu, sai ta kama! Wata murya ta fito daga cikinta wadda tsofaffin garin suka ce rabonsu da jin irinta tun mahaifinsa yana da rai. Babu hayaƙi. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka ruga fadama, aka yi ta fito da kwanduna. Na Iya Damaris aka fara ɗorawa kamar yadda ya yi alkawari, ita kuma aka zaunar da ita a gaba kusa da direba.

Suka kama hawan. Motar ta cika maƙil, tana gurnani, duwatsu suna tsalle daga ƙarƙashin taya. Da suka iso daidai wurin da ta mutu a dā, jama'ar da ke ƙasa suka riƙe numfashi. Mutumin ya sauya giya ya taka totur, motar ta wuce wurin ko waiwaye ba ta yi ba. Da suka kai kan tudu ya danna hon har sai da kwarin ya amsa. Ya kai hannu aljihu don ya taɓa tsohon fistin kamar yadda ya saba, ya ji wayam, sai ya fashe da dariya, hawaye na zubo masa. Iya Damaris kuwa waƙar yabo kawai take yi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, kuma ku kasa kunne da kyau, domin ni kaina daɗinsa nake ji tun kafin in faɗa.

Bulok ɗin nan zuciyar mutum ce. Zanen da ke cikin ramukan shi ne abin da zunubi da wahalar duniya suka yi mana: fushi, ƙarya, riƙo, shaye-shaye, tsoro. Sa'ad da mutum ya tuba ya zo wurin Almasihu, Allah ba fenti yake shafa masa a waje ba. Ciki yake shiga ya kankare. Kankara tana da zafi, waɗanda suka sha ta sun sani. Amma ku lura da abin murna a nan: ba a iya kankare rauni ba tare da wurin ya ƙara faɗi ba. Duk wanda Ubangiji ya gyara, ya fi yadda yake a dā girma a ciki. Ɗan'uwa, an faɗaɗa ka! 'Yar'uwa, zuciyarki yanzu tana iya ɗaukar abin da ba ta iya ɗauka bara ba!

To, mene ne tsohon fistin? Shi ne tsohon ma'aunin da muke yawo da shi a aljihu. Ku tuna, mutumin nan ba wawa ba ne. Bai yi girman kai ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma mai zaƙin baki bai ruɗe shi da na jabu ba. Da yawa a cikinku haka kuke, kun san ƙarya in kun gan ta, ba a sayar muku da gwangwani. Abin da ya saya mai kyau ne. Kuskurensa ɗaya ne, da tsohon abu ya auna. Mu ma haka muke yi. Allah ya ba mutum sabuwar zuciya, sai ya je ya ɗauko 'yar addu'ar da yake yi tun kafin ya san Ubangiji, wadda ba ta wuce ta bakin akushi ba, ya ce ta isa. An gafarta wa mace abu mai yawa, amma in maƙwabciyarta ta taka mata shanya, da tsohon mudun nan na "ni ba a yi mini in ƙyale" take auna mata. Wani ya bar giya, mun gode wa Allah, amma da yamma ƙafarsa tana kai shi benci ɗaya da abokai ɗaya, wai hira kawai yake yi. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai ni haka nake tun fil azal," ko kuwa, "Haka muka tarar a gidanmu." Haka kake a dā, gaskiya ne. Amma ramin da wannan halin ya sani ba shi ne yake ƙirjinka yanzu ba.

Kada kuma ku ce ratar kaɗan ce. Ta mutumin nan ba ta kai kaurin farce ba, ido ma da ƙyar yake ganinta. Mai mai kauri da ya so a zuba shi ne abin da muke rufe ratar da shi: sabuwar riga ran Lahadi, babbar murya a ƙungiyar mawaƙa, "amin" da ta fi ta kowa ƙarfi. Duk wannan yana tafiya lafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Amma hawa yana zuwa. Ciwo hawa ne, rashi hawa ne, zagi a gaban jama'a hawa ne, shekarar da gona ta ƙi hawa ce. A nan ne ƙarfi yake zurarewa ta 'yar ratar da ka raina. Kuma ba kai kaɗai kake cikin motar ba. 'Ya'yanka suna kai, matarka tana kai, akwai wata Iya Damaris da ta ɗora ɗan kwandon bangaskiyarta a bayanka domin ta ga kana zuwa sujada. In ka tsaya a tsakiyar hawa, da kayansu ka tsaya.

Sila shi ne duk wanda yake ƙaunarka har ya iya ce maka, "Ba zan ɗaura ba." In kana da irinsa, ko mai wa'azi ne, ko matarka ce, ko aboki, kada ka yi fushi da shi. Ya fi maka masu tafi.

Dattijon nan kuwa, ai kun riga kun gane shi. Ubangijinmu ne. Ya tambaye mu tun farko, muka ce mun san motarmu. Muka ɓata abin da ba mu da kuɗin biya, da hannunmu, don mu burge mutane. Da muka dawo da kunya, bai ce dokar ƙarya ce ba, bai kuma kore mu ba. Cewa ya yi, "Asarar tawa ce, na ɗauka." A kan gicciye ya faɗi wannan, da jininsa ya biya. Wa ya taɓa jin ciniki irin wannan? Ni dai duk sa'ad da na tuna, sai in ji kamar in tashi in yi rawa.

Saboda haka ku yi abin da mutumin nan ya yi a tafiyarsa ta biyu. Kada ku aika wa Allah samfur. Kada ku aika masa labarin yadda kuke a dā, ko abin da wani ya ce game da ku. Ku ɗauki zuciyar ɗungurungum, da nauyinta, ko mutane za su fito su yi dariya, ku dire ta a ƙofarsa ku ce, "Ga ta, auna da kanka." Shi ya kankare ta, shi ya san girmanta, kuma abin da zai sa a ciki ba zai yi rawa ba.

Abu ɗaya zai roƙa a wurinka, kuma ka riga ka san ko mene ne, domin tun da na fara magana kake jin nauyinsa. An rubuta maka a goshi cewa da sauran tafiya, kwanduna suna jira, ga hawa a gabanka. Sa hannu a aljihu, ɗan'uwa. Warware tsumman nan, ka miƙa masa.